Hurumi da Igiyar Awo: Tarihin Tsarin Ƙasa a Kaugama da Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya ratsa ƙasar Kaugama a waɗannan shekaru, ya nufi Malam Madori ko Haɗeja, in dai mai lura ne, lalle zai ga wani abu a bakin garuruwa wanda kakanninmu ba su san shi ba, watau gonar da aka girbe gero cikinta bara, bana an kakkafa mata turaka a jere, an aza bulo biyu ko uku a kowace kusurwa, har wani mai himma ya riga ya haƙa tushen ɗaki alhali kututturen karan bai gama ruɓewa ba. Masu sayen waɗannan filaye galibinsu malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, da 'yan tireda, mutanen da abincinsu yake cikin birni amma kuɗin fili a birnin ya fi ƙarfinsu, saboda haka suka gwammace su kwana a ƙauye, su hau babur da sassafe, su komo da almuru. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan, domin neman muhalli haƙƙi ne na kowane magidanci. Abin da ya dame ni, har ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne ƙasar nan da ake yayyankawa tana da tsohon tsari wanda ya ajiye kowane abu a mazauninsa, kuma tsarin yana rushewa ba tare da an gina wani a gurbinsa ba.

Kafin a fahimci tsarin sai an fahimci ƙasar. Kaugama tana yamma da birnin Haɗeja, ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 8 na masarautar, sauran su ne Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Malam Madori. Cikin garuruwanta akwai Hadin da Marke da Dakaiyawa da Yalo. Ƙasa ce ta jigayi, tuddan rairayi dogaye waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta taɓa sauka har nan, kuma daga gare su Jihar Jigawa ta sami sunanta. Tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari mai riƙe ruwa, ta kudu kuwa ƙasa ta gangara zuwa fadamar kogin Haɗeja, wanda ruwansa yake tasowa daga kogin Kano da na Calawa, ya zo nan inda ƙasa ta baje, ya rarrabu, ya bazu cikin dausayi, kana abin da ya saura ya sadu da na Jama'are wajen Gashuwa, su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Cadi. A irin wannan ƙasa tazarar kamu uku ko huɗu na tudu ita ce bambanci tsakanin rumbu busasshe da rumbun da ya narke, don haka mai kafa gari na farko ba ya kafawa sai a kan jigawa, kuma duk abin da ya biyo baya na tsari daga wannan hukunci ya tsiro.

A tsakiyar gari ake samun masallaci da ƙofar gidan mai gari, wanda a wannan yanki ake kira bulama, kalmar da muka gada daga Barno tun lokacin da ƙananan masarautun nan, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗeja kanta, suke kai gaisuwa ta hannun Galadiman Barno mai zama a Nguru. Sana'ar da take da wari ko wuta ko jini ana matsar da ita gefe: majema a bayan gari, mahauta kusa da kasuwa, maƙera inda tartsatsi ba zai tashi dannin maƙwabci ba. Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini cikinsa ba a cike shi, domin shi ne tukunyar da take karɓar ruwan lunguna ranar da aka yi kamar da bakin ƙwarya. Bayan gidaje na ƙarshe sai hurumi, filin da ba na kowa ba kuma na kowa, inda maƙabarta take, da filin idi, da wurin da awakin gari suke kiwo, da inda mata suke samo itace, da kuma sararin da aka ajiye domin jikokin da ba a haifa ba su sami inda za su yi gini. Bayan hurumi sai gonakin kusa masu samun taki kowace shekara, sai na nesa da ake bari saura su huta, sai daji. Burtali kuwa yakan tashi daga bakin gari ko daga makiyaya ya ratsa gonakin nan duka har mashaya, an killace shi hagu da dama da aguwa, yadda garke zai wuce da damina ba tare da saniya ta kai baki ga shuka ba.

Wannan shi ne rabon wuri. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma wanda nake ganin masu doka na baya ba su taɓa gane shi sosai ba, shi ne rabon lokaci, wanda fadama ta ginu a kansa. Fili guda a fadama yana iya samun masu haƙƙi uku ko huɗu cikin shekara guda, ba tare da ɗayansu ya ci da zalunci ba. Da farkon damina manomi ya watsa shinkafa kafin kogi ya kawo, idan ruwa ya cika ya shafe iyakoki sai wurin ya zama na masunta ƙarƙashin sarkin ruwa, wanda shi ke da ikon faɗin ranar da za a shiga su a wani gulbi da ranar da za a hana. Idan ruwa ya fara janyewa aka yanke shinkafa, sai mai wake ya bi laimar da ta saura ya shuka, mai jigo ya kafa lambunsa a bakin ruwa ya yi albasa da tattasai. Can da rani ya tsananta, tudu ya bushe ƙarau, sai Fulani su gangaro da dukiyarsu, su ci ɗanyar ciyawar da ruwa ya bari da karan gonaki, su bar wa manomi taki, sau da yawa ma manomin ne yake ba su damin gero don su kwana a gonarsa. Kogi shi ne mai kiran lokaci, kowa kuwa ya san layinsa. Ana samun saɓani, ba shakka, musamman shekarar da ruwa ya yi jinkirin janyewa ko Fulani suka yi sammakon saukowa, amma saɓani ne a kan rana, wanda bulama da arɗo suke iya yankewa a zaune guda.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso wannan ƙasa, sarautar Haɗeja ta koma hannun Sambo a 1808, al'adar nan ta sami harshen fiƙihu, kuma abin mamaki ne yadda su biyun suka dace. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan wannan mas'ala, Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum yake keɓanta da matacciyar ƙasa. A mazhabar Imamu Malik ƙasar da ba mai ita, wadda malamai suke kira mawati, takan zama ta wanda ya raya ta, rayawar kuwa tana tabbata da abubuwa sanannu, kamar fitar da ruwa, ko janye shi daga inda ya kwanta, ko gini, ko dasa itace, ko sassabe da huɗa. Idan ƙasar tana kusa da gari sai da izinin shugaba, domin jama'a suna da amfani a cikinta. Idan tana nesa, ba a bukatar izini. Kowane gari yana da hariminsa, gwargwadon inda mai itace da mai kiwo za su je su komo a yini, haka rijiya tana da nata, itaciya ma tana da nata, daga wannan asali ne kalmarmu ta hurumi ta fito. Shugaba kuma yana da ikon keɓe wani yanki domin maslahar jama'a, abin da ake kira hima, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Hatta faɗin hanya sunna ba ta bar shi ba, ta ƙaddara zira'i 7 idan an yi jayayya, kuma an hana wa mutum ya yi a cikin mulkinsa abin da zai cuci maƙwabcinsa, ko da hayaƙi ne ko indararo.

Akwai wata gaɓa a cikin wannan hukunci da ya kamata a tsaya a kanta, domin rabin fitinar yau tana ɓoye cikinta. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa kiwo ba ya cikin abubuwan da suke raya ƙasa, haka ma haƙa rijiyar shayar da dabbobi. Ma'ana, mai garma yana mallaka da aikinsa, mai sanda kuwa ko ya shekara 100 yana kiwo a wuri bai mallake shi ba. Ba a yi haka don a cuce shi ba, an yi ne domin ruwa da ciyawa tarayya ce tsakanin mutane, kada wani ya kange su. Sai dai sakamakonsa shi ne haƙƙin makiyayi gaba ɗaya ya rataya a wuyan shugaba: muddin mai gari yana tsare hurumi da burtali da mashaya, makiyayi yana da wurin sa ƙafa, ranar da mai gari ya yi sakaci ko ya yi kwaɗayi, ba shi da abin nunawa.

Kada mai karatu ya zaci ina nufin wancan zamani duk adalci ne. Ƙasar da aka ci da yaƙi hukuncinta wakafi ne na Musulmi a hannun shugaba, kuma masu sarauta da yawa sun mayar da amanar tamkar gadonsu, sun ware gandaye manya da bayi suke nomawa, baƙo ba ya samun gona sai ya kai gaisuwa, wanda ya ɓata da mai gari kuwa yana iya wayar gari gonarsa tana hannun wani. Zamanin Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye ya riƙe Haɗeja har rasuwarsa a 1863, tsoron hari shi ne babban mai tsara gari, mutane suka cusu cikin kafi da ganuwa, gonar nesa ta koma daji. Duk da haka, ko azzalumin mai gari yana jin nauyin taɓa maƙabarta da burtali, domin ya san gari duka shaida ne.

Na riski ƙarshen wannan tsari da idona ina yaro. Wani kawuna ya yi jayayyar iyaka da maƙwabcinsa, aka kira bulama, ya zo da dattawa biyu da hantsi, ba takarda ba alƙalami. Ya tsaya a gindin wata goruba, ya dubi layin gamba da ya miƙe daga nan zuwa wani gawo, ya durƙusa ya tona gindin tushe guda da yatsunsa, ya ga saiwar sabuwa ce, an dasa ta daminar nan. Ya matsa taki uku ya sake tonawa, sai ga tsohon kututturen gambar da aka sare a ƙarƙashin rairayi. Bai ɗaga murya ba, ya dai dubi maƙwabcin ya ce, "Malam, ubanka da uban wannan tare suka dasa ta, ina nan tsaye." Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne." Aka mayar da gamba mazauninta, aka shafa fatiha. Kundin rajistar garin nan yana cikin kan wannan tsoho, kuma da shi aka binne shi.

Turawa sun ci Haɗeja ran 25 ga Afrilu 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jama'a masu yawa, kuma hujjar da Lugga ya riga ya kafa a Sakkwato a 1903 ita ce duk ikon da Fulani suka samu da takobi ya koma hannun Ingila da takobi, har da ikon ƙasa. A 1908 aka zaunar da kwamiti a Landan kan ƙasar Arewa, zamanin Gwamna Girouard, daga shawararsa aka yi dokar 1910 wadda aka sabunta a 1916, ta ce ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, ba a mallaka wa kowa ita mallaka ta har abada, sai dai haƙƙin zama da amfani. Gaskiya ita ce wannan doka ta yi mana wani alheri, domin ta hana baƙi saye ƙasar talakawa su kafa manyan gonaki irin yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya. A ƙauye kuwa an bar rabon gona a hannun En'e, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, sai dai an ɗaura shi da haraji, mai gari ya zama mai tara kuɗi kafin ya zama mai tsare amana.

Tsarin gari a rubuce, mai taswira da turaka, shi ma da Turawa ya zo, amma ba don mu aka yi shi ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa da sarari na yadi 440 wanda ba a gini cikinsa, bisa zaton hakan zai tsare su daga sauro da cututtukanmu. Da dogo ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, bai bi ta birnin Haɗeja ba, ya bi ta tudu, Malam Madori ta zama tashar masarautar, aka yanka wa kamfanonin sayen gyaɗa da fata filayen kanti a bakin tasha. A nan mutanen yankin suka ga an auna fili da ma'auni an ba shi lamba. Gyaɗa kuma ta yi nata aikin a hankali, domin tana son rairayi, jigayin Kaugama kuwa rairayi ne. Saurar da ake bari ta huta aka shiga nome ta, dajin da yake tsakanin gari da gari ya fara tsukewa.

Bayan mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar ƙasa ta 1962 a kan tsohon harsashin nan, ta kuma yi dokar makiyaya ta 1965 domin a keɓe wa dabbobi wurare a rubuce, wadda ita ce hima cikin rigar zamani. Niyya ce kyakkyawa, amma kaɗan ne daga wuraren da aka ambata aka kammala aunawa aka buga a jaridar gwamnati, abin da ba a buga ba kuwa ba ya da kariya gaban kotu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare iko daga hannun En'e, sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Nijeriya duka, har aka cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. Ƙasar kowace jiha ta zama amana a hannun gwamna. Inda ya ayyana birni ne, shi ke ba da takardar mallaka. Inda ba birni ba, kamar yawancin ƙasar Kaugama, ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin zama na gargajiya, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Bulama da hakimi ba su da ikon rabon ƙasa a cikin wannan doka, alhali har yau ba a cinikin gona a ƙauye sai sun sa hannu. Aka wayi gari mai iko a takarda bai san gonar ba, wanda ya san gonar kuwa ba shi da iko a takarda.

Duk waɗannan dokoki ba su girgiza fadama ba kamar yadda madatsun ruwa suka yi. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin babban farin da ya halaka dabbobi a Afirka ta yamma, aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Calawa a 1992. Ba mai musun amfaninsu: Kano tana shan ruwa, Kadawa da Kura suna noman rani, kuma aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja da ke Auyo daga gare su yake sha. Amma kogin da yake cika da damina ya ƙafe da rani ya koma yana tafiya shekara duka da ruwa kaɗan kaɗan, ambaliyar da take shayar da fadama mai faɗi ta ragu, inda ruwa ya daina ƙafewa kuwa kacala ta kafu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan baki mai cinye shinkafa. Wani gari gonarsa ta bushe, wani kuwa tasa ta zama tafki na dindindin. Lissafin lokaci da aka gada, na wa zai shiga bayan wa, ya rikice tun daga tushe, tun da mai kiran lokacin an sa masa linzami a can sama.

Sai kuma injin ban ruwa ya shigo a shekarun 1980 ta hannun hukumar raya noma ta Jihar Kano, gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, farashinta ya tashi, kowa ya ruga fadama. Wanda jigonsa yake shayar da ɗan lambu yanzu inji yana shayar masa da eka da yawa, kuma daidai watannin da fadama take zama ta makiyayi. Bafulatani ya gangaro da rani kamar yadda ubansa yake yi, ya tarar da kore shar daga bakin ruwa har gindin tudu, mashaya an kewaye ta da tumatir, burtali ya tsuke ya zama turbar ƙafa. A ganina soke jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Jihar Kano a 1979, ko da yake sauƙi ne da talakawa suka yi murna da shi kuma sun cancance shi, ya yanke wata igiya da ba a lura da ita ba, domin dā hakimi yana da dalilin rarrashin arɗo kada ya tashi da garkensa daga ƙasarsa. Jinin da aka zubar tsakanin manoma da makiyaya a wajen Guri da Kiri Kasamma a shekarun da suka biyo baya bai kamata a manta da shi ba. Bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa daga Jihar Kano ran 27 ga Agusta 1991, yunƙuri mafi ƙarfi da aka yi shi ne na zamanin Gwamna Sule Lamido, lokacin da aka kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya, aka bi makiyayu da burtulla ana kafa musu alamu, aka sa famfuna masu aiki da iska a wuraren shayarwa, kuma an ga amfanin haka. Amma turken kankare ba ya tsare kansa.

Yanzu kuma ga masu jari sun waiwayo, kamfanin Dangote ya zaɓi Hadin ta ƙasar Kaugama don kafa masana'antar shinkafa, kuma kowa yana fatan samari su sami aiki. Abin da ya kamata talaka ya sani game da kowane babban aiki irin wannan, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, shi ne dokar 1978 ta ba gwamna ikon karɓe ƙasa domin maslahar jama'a, diyyar da ta tanada kuwa ta abin da yake kan ƙasar ce, kamar shuka da itatuwa da gini. Mai gona yana da abin ƙirgawa. Mai kiwo da masunci da matar da take yankan kaba a wurin ba su da komai a lissafin, domin haƙƙinsu na wata uku ne a shekara, takarda kuwa suna guda take ɗauka.

Mu koma kan turakan da muka fara da su. Irin wannan yanka ana ce masa awon igiya, don a bambanta shi da awon gwamnati, kuma na zauna na ga yadda ake yinsa. Magada sun raba gonar mahaifinsu ta bakin gari, biyu daga cikinsu suna bukatar kuɗi, dillali ya zo da yara biyu da igiya mai ƙulli, aka ja ƙafa 50 tsawo 50 faɗi, aka kafa turke, aka sake ja. Da aka zo maganar hanya sai aka bar abin da kura za ta wuce da ƙyar, domin kowace ƙafa da aka bari kuɗi ne ya tafi. Masallaci aka ce mai saye na farko zai taimaka. Makaranta da magudanar ruwa ba wanda ya ambace su. Mai unguwa ya sa hannu, shaidu suka dangwala, aka raba la'ada. Dokar 1978 ta hana yayyanka ƙasar karkara da aka gada zuwa fuloti-fuloti, dokar tsara birane da yankuna ta 1992 kuma ta ɗora wa ƙananan hukumomi aikin tsara garuruwansu da ba da izinin gini, amma tsarin hukuma bai cika isowa ƙauye ba sai bayan gini ya kai linta, a zo da jan fenti. Hurumi shi ne farkon abin da ake ci, domin ba shi da magajin da zai kai ƙara, daga shi sai kududdufi, a cike shi da shara a sayar. Ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja, ruwan sama da na kogi ne suka kawo su, amma a garuruwa da dama hanyar da ruwan zai bi ya fita an riga an yi ɗaki a kanta.

Abin da nake roƙo ga shugabannin ƙaramar hukuma da hakimai ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje. A ɗauki ma'aikacin safiyo guda, a haɗa shi da dattawan kowane gari da arɗo da sarkin ruwa tun suna raye, a taka da ƙafa, a rubuta inda hurumi ya tsaya, da faɗin burtali, da bakin mashaya, da kwarin da ruwa yake bi, da watannin da kowane mai haƙƙi yake shiga fadama, a karanta a masallacin Juma'a kowa ya ji, a ajiye kofe a wurin alƙali. Sa'an nan hukuma ta riga dillali yanka filaye a kan jigawa, da hanya mai faɗi da kuɗi mai sauƙi, yadda malamin makarantar nan mai babur ba zai bukaci sayen kwari ba.

Ranar da na ga awon nan, wani tsoho mai gona a maƙwabtaka ya tsaya yana kallo har aka kai fuloti na ƙarshe, wanda ya faɗa cikin ɗan gangare. Ya taka ya sami saurayin da ya saya, ya nuna masa da sanda inda rairayi ya sauya launi ya yi duhu, da inda ciyawar ta bambanta da ta tudu, ya ce, "Yaro, nan hanyar ruwa ce, tun ina ƙarami ta nan yake bi ya faɗa kududdufi." Saurayin ya rusuna ya ce, "Baba, na gani, amma shi ne kuɗina ya kai, kuma bayan salla za a kawo amarya." Tsohon ya yi shiru, can ya ce to ya ɗaga tushen ginin ya kai gwiwa, ya kuma bar ƙofa ta gabas. Da na sake bi ta wurin bayan wata biyu an kai gini taga, wani kuma ya kafa turakansa a ƙasa da shi.